Ƙwallon Ƙafa da Tarkon Fassara

Duk wanda ya ce "ƙwallo" a Karofi ko Dutsin-Ma ko Kurfi, ba a tambayarsa wace iri, an san tamaula yake nufi. Ke nan kalmar ta keɓanta ga wasan da ya fi farin jini, kodayake ƙasar Katsina ta shahara da ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944. Sauran wasanni sai an ƙara musu bayani, kamar ƙwallon kwando da ƙwallon zari-ruga.

Haka al'amarin yake a Amurka, sai dai wasan da ya mallake sunan daban ne. Can "football" wasa ne na rungumar ƙwallo a ruga da ita. Namu kuwa "soccer" suke kiransa, kalmar da aka gutsuro daga "association", wato daga sunan ƙungiyar da ta tsara dokokin wasan a Ingila a 1863.

A nan ne wasu masu fassarar labarai ke tuntuɓe. Da sun ga "football" a labarin Amurka sai su ce ƙwallon ƙafa, mai sauraro ya ɗauka tamaula ce. Abin da ya dace shi ne zari-rugar Amurka, domin ma'ana ake fassarawa, ba haruffa ba.