Daga Mosko zuwa Kasuwar Dole: Ina fim ɗin Rasha ya maƙale?

A shekarar 1969 Oumarou Ganda ya kai fim ɗinsa Cabascabo bikin finafinai na Mosko, ya dawo Nijar da kyauta. Fim ne gajere, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci. Labarin tsohon soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indocin, ya dawo gida da ƴan kuɗin sallama, abokai da maroƙa da mata suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Ganda da kansa ya yi wannan yaƙin, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan. Ba abin mamaki ba ne alƙalan Mosko su so fim ɗin: ga baƙar fata da mulkin mallaka ya tatse ya yar, ga shi yana ba da labarinsa da bakinsa.

To Mosko ta kalli namu. Mu fa, mun kalli nata? Ka zauna da dattijon da ya yi samartakarsa a Zangon Damagaram ko Sabon Gari wajen 1975, ka ce ya lissafo maka abin da ya kalla a silima. Zai kawo maka Indiya, ya kawo kaboyi, ya kawo Bruce Lee, wataƙila ya tuna da wani na Masar. Da wuya ka ji sunan fim ɗin Rasha ko ɗaya. Alhali a waɗannan shekarun Tarayyar Sobiyet na cikin ƙasashen da suka fi kowa yin fim a duniya, kuma tana da hukuma sukutum, Sovexportfilm, wadda aka ɗora wa fitar da finafinan zuwa waje.

Dalili na farko na siyasa ne, kuma Damagaram na tsakiyarsa. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, tana da ƙarfi sosai a Zinder. Marubuci Abdoulaye Mamani na cikin jiga-jiganta a nan. An haramta ta a 1959, shugabanninta suka yi gudun hijira, ta kuma tura matasa da dama karatu Mosko da sauran ƙasashen gurguzu. Bayan yunƙurin tawayen 1964 da jifan Shugaba Diori Hamani da gurneti a filin idi a 1965, duk abin da ya fito daga gabas abin tuhuma ne a idon gwamnati. Sai a 1972 Yamai da Mosko suka ƙulla hulɗar jakadanci. Shekarun da Sobiyet ta fi zuba ƙarfi wajen neman zukatan Afirka, ƙofar Nijar a rufe take.

Na biyu shi ne wanda ke riƙe da faifan. A yawancin ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke sayo fim, su ke rarraba shi, da yawan gidajen siliman ma nasu ne. Ɗan kasuwa kuwa abin da zai cika benci yake saye, kuma da araha. Mali ta Modibo Keita ta kafa hukumar silima ta gwamnati, OCINAM, tun 1962, Gini ta Sékou Touré ta kafa Syli-Cinéma, shi ya sa fim ɗin Sobiyet ya sami allo a Bamako da Konakiri fiye da yadda ya samu a nan. Ko a can ɗin, hanyar da Sobiyet ta fi bi ita ce ta ofishin jakadanci da ƙungiyoyin abota da "makon fim", inda ake gayyatar ɗalibai da ma'aikata su shiga kyauta. Kallon kyauta yana tara jama'a a dare ɗaya, amma ba ya haifar da mai bin layin tikiti gobe.

Sai dai siyasa da kasuwa ba su isa su bayyana komai ba, don akwai abin da ya fi su ban sha'awa. A lokacin da samarin Kano da Maraɗi da Zinder ke haddace waƙoƙin Indiya ba tare da sun san ma'anarsu ba, mutanen Mosko da Tashkent abin da suke yi ke nan. Awaara na Raj Kapoor ya shiga Tarayyar Sobiyet a 1954, aka sayar da tikiti fiye da miliyan 60. Disco Dancer na Mithun Chakraborty, wanda tsofaffin ƴan silimarmu ba su manta da shi ba, ya yi irin wannan cinikin a can a 1984. Ita Sovexportfilm ɗin da aka ɗora wa sayar da fim ɗin Rasha a waje, ita ke sayo na Indiya ta kawo gida, saboda shi ke kawo kuɗi. Ashe mai kallo na Sobiyet da na Damagaram ɗanɗanonsu ɗaya ne a wannan fanni: soyayyar da iyaye suka hana, ɗan talaka da ƴar mai kuɗi, uwar da ta sha wuya, mugun da zai gamu da sakayya kafin a kunna fitila, da waƙa a tsakani don a huta. Brian Larkin, wanda ya yi bincike kan gidajen silima na Kano, ya nuna yadda Bahaushe ya ga wata duniya ta zamani a fim ɗin Indiya wadda ba ta Bature ba ce, mai kunya da girmama na gaba da rikicin auren dole irin wanda ya sani. Fim ɗin Sobiyet bai ba shi wannan ba.

Me yake bayarwa? Abin da ya fita waje ya yi suna yawanci na yaƙi ne da tarihi da tunani mai zurfi. Potemkin na Eisenstein, na 1925, har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Letyat Zhuravli na Mikhail Kalatozov ya ci babbar kyautar Cannes a 1958. Yaƙi da Zaman Lafiya na Sergei Bondarchuk, mai tsawon sa'o'i kusan bakwai, ya ci Oscar a 1969. Manyan ayyuka ne, ban musa ba, wasunsu ma ina ganin babu kamarsu. Amma ka ɗauki Letyat Zhuravli ka kai shi silimar da ba ta da rufi, inda ake jiran duhu ya yi kafin a fara, ana cin gyaɗa ana yi wa jarumi kirari. Ciwon da fim ɗin ke taɓawa, na ƙasar da ta rasa mutane sama da miliyan 20 a Yaƙin Duniya na Biyu, ciwo ne da duk ɗan Rasha ke ɗauke da shi daga gida kafin ya zauna. Baƙo sai an yi masa bayani, bayanin kuma a rubuce yake a ƙasan allo da Faransanci, ga jama'ar da mafi yawanta ba ta shiga lakol ba. Fim ɗin Indiya ma ba a jin yarensa, amma an gina shi yadda ido da kunne za su wadatar.

Inda Rasha ta yi nasara ta gaske shi ne wajen masu riƙe da kyamara. Ousmane Sembène ya koyi aiki a sutudiyon Gorki a hannun Mark Donskoy, ya dawo ya yi Borom Sarret a 1963. Souleymane Cissé na Mali ya yi shekaru a makarantar VGIK ta Mosko kafin ya ci babbar kyautar FESPACO sau biyu, da Baara a 1979 da Finyè a 1983. Abderrahmane Sissako, mai Timbuktu, shi ma ɗan VGIK ne, har ya yi wani gajeren fim a Mosko a 1993, Octobre, kan ɗalibi ɗan Afirka da budurwarsa ƴar Rasha, wanda Georgi Rerberg, da ya yi aiki da Tarkovsky, ya ɗauka. Daga 1968 kuma bikin Tashkent ya zama mahaɗar masu fim na Afirka da Asiya. Duk wanda ya kalli Cissé ko Sissako, ya ga yadda suke barin kyamara ta daɗe a kan fuska ko fili ba gaggawa, ya sha wani abu na Mosko ko bai sani ba. Nijar kam ko ta wannan ƙofar rabonta kaɗan ne. Ganda da Moustapha Alassane ta hannun Jean Rouch suka shiga harkar, Alassane ya ƙara da Kanada wajen Norman McLaren.

An yi ƙoƙarin ƙwace rarraba fim daga hannun baƙi. Ɗan Nijar Inoussa Ousseini ne ya jagoranci CIDC, haɗakar ƙasashen Afirka da aka kafa a Wagadugu don wannan, amma ba ta yi tsawon rai ba. Ana cikin haka bidiyo ya zo, gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Kano ta fara nata fim daga Turmin Danya a 1990. Tun daga nan idon Damagaram ya koma kudu, ta hanyar Matamai da Daura, hanyar da ayarin fatake ke bi tun zamanin Sarki Tanimun.

Yau mai rarraba fim a Zinder saurayi ne da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, a bakin Kasuwar Dole ko kusa da tasha, da igiyoyin caji a warwatse kan tebur. Ka miƙa waya ko memori, ka ba da ƴan daloli, ya zuba maka. Finafinan a ware suke gida-gida: na Hausa, Indiya-Hausa, na Turkiyya, na Amurka, na Chana. In ka ce masa, "Ƙanena, akwai na Rasha?" zai ɗago ya ce, "Baba, na yaƙi kake nufi?" ya shiga lalube cikin na Turawa. Abin da ya fi tafiya a teburinsa shi ne wanda irin su Algaita na Kano suka juya zuwa Hausa, aka sa wa jarumi bakin ɗan unguwa, da habaici da baƙar magana da babu su a asalin fim ɗin. Masu wannan aiki sun gano abin da Sovexportfilm ba ta gano ba cikin shekara arba'in: mai kallo a nan yana so fim ya yi masa magana da harshen da yake ciniki da shi.

Duk da haka akwai ɗan Rasha ɗaya da ya shigo ba tare da jakada ba, kuma yara suka kawo shi. Masha da beyar ɗinta, wanda masu jin Faransanci suka sani da Masha et Michka, zanen motsi ne da sutudiyon Animaccord ya fara fitarwa a 2009. Kashi guda daga cikinsa an kalle shi fiye da sau biliyan 4 a YouTube, abin da babu wani fim ɗin Rasha da ya taɓa kusanta. A wannan kashin Masha ta ɗora tukunyar fate, ta zuba duk abin da ta samu, faten ya dinga kumbura yana ambaliya; ta cika kowace roba da kowane kwano na gidan, ta ɗura wa dabbobin daji har suka ƙoshi suka gudu, abin bai tsaya ba. Ba ka buƙatar kalma ɗaya ta Rashanci ka yi dariya. Beyar ɗin ma ba ya magana sam. Kashin minti bakwai ne ko kusa, daidai ƙarfin data da batirin ƙaramar waya. Ga yarinyar da kallabi da doguwar riga, shigar da uwa Bahaushiya ba za ta tsargu da ita ba, ko da yake rashin jin Masha kan sa wasu iyayen ƙwace wayar. Yawancin masu kallonta ba su ma san daga Rasha take ba, kuma ina ganin wannan na cikin sirrin tafiyarta.

A ɗaya gefen akwai Turist, fim ɗin yaƙi na 2021 kan sojojin Rasha masu horarwa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda aka danganta kuɗinsa da Yevgeny Prigozhin, mai Wagner a lokacin. An nuna shi a filin ƙwallon Bangi a watan Mayun shekarar, an juya shi zuwa Sango, dubban mutane suka hallara. Masu shi sun koyi darasin harshe, sun kuma aro salon harbe-harben Hollywood kaf. Abin da ba su sauya ba shi ne tsohon tsarin: gwamnati ko mai kuɗi ya shirya, a buɗe ƙofa, a kirga kawuna, a kira shi nasara. Kuma ɗan Afirka a cikinsa mai jiran ceto ne, abin da Ganda ya yi Cabascabo don ya ƙaryata.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an ga tutar Rasha a zanga-zangar Yamai, sojojinta masu horarwa sun iso a Afrilun 2024, ita kuma Rasha, da bukukuwan Turai suka juya wa wakilan gwamnatinta baya tun 2022, tana neman sababbin kasuwanni. Za a iya ganin makon fim, a ga gurbin karatu, wataƙila a ga majigi a filin wasa. Gurbin karatun shi na fi yi wa fata, don shi ne ya taɓa ba da amfani. Amma a tuna ko ƴar gida na fuskantar wannan katangar. Aïcha Macky, haifaffiyar Zinder, ta yi fim ɗinta Zinder a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa tsantsa, ya zaga bukukuwan Turai ya sami yabo. Hanyar biki ke nan, wadda ba ta ratsa rumfar mai tura fim ba sai an kai ta da gangan. In fim da Hausar Damagaram, da fuskokin da aka sani a gari, na buƙatar wannan ƙoƙarin, to mai zuwa daga Mosko da tankar yaƙi da dusar ƙanƙara sai ya fara neman wanda zai sa masa baki a Kano, ya kuma yarda a yi wa jaruminsa ba'a a cikin fassarar.