Hoton Baƙar Mace a Ƙagaggun Labaran Kimiyya na Talabijin

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda ake gina shi a kan abin da kimiyya za ta iya haifarwa nan gaba, kamar tafiya tsakanin taurari ko komawa zamanin da ya wuce. Da yake marubucinsa ne ke ƙera duniyarsa da hannunsa, ba shi da uzurin cewa haka ya tarar da al'umma. Saboda haka wannan takarda za ta dubi matsayin da aka bai wa baƙar mace a irin waɗannan shirye-shirye, ta fuskar suna da harshe da kuma aikin da aka ɗora mata.

2.0 Uhura

A shekarar 1966 aka fara nuna shirin Star Trek a Amurka, inda Nichelle Nichols ta fito a matsayin Laftanar Uhura, jami'ar sadarwa a jirgin sararin samaniya. An samo sunan ne daga kalmar Swahili uhuru, wato 'yanci. A lokacin da aka saba ganin baƙar mace a matsayin 'yar aiki, ganinta da kakin hafsa babban ci gaba ne. Ita kanta ta sha faɗin cewa Martin Luther King ne ya roƙe ta kada ta bar shirin. Haka kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita.

Sai dai mai tarke ba ya tsayawa ga yabo. Yawancin maganganun Uhura isar da saƙon wasu ne zuwa ga kyaftin. Sunanta na yanka, Nyota, ba a furta shi a allo ba sai a fim ɗin 2009. A wani kashi na 1967, wata na'ura ta shafe mata tunani, sai ta koma magana da Swahili, ana koya mata karatun Ingilishi kamar ƙaramar yarinya. A nan an ajiye harshen Afirka a matakin ƙuruciya, Ingilishi kuwa a matakin hankali.

3.0 Martha Jones

A 2007 shirin Doctor Who na BBC ya kawo Freema Agyeman a matsayin Martha Jones, ɗalibar likitanci. A wani labari mai kashi biyu, an mayar da ita Ingila ta 1913, inda ta zama mai goge daɓe a makarantar kwana. Da wata Baturiya ta ƙi yarda cewa irinta za ta iya zama likita, sai Martha ta lissafa mata ƙasusuwan hannu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin wannan fitowa shi ne ta fito da wariyar fili. Rauninta kuwa shi ne baƙar mace ce kullum ake nema ta kawo shaidar iliminta. Sai a 2017 Sonequa Martin-Green ta zama babbar tauraruwar Star Trek: Discovery, wato shekara 51 bayan fitowar Uhura.

4.0 Dangantakar Batun da Gadarif

Wannan matsala ba ta Turawa kaɗai ba ce. A azumin 2019 wata tashar Masar ta nuna shirin barkwanci inda Shaimaa Seif ta shafa baƙi a fuska, tana kwaikwayon matar Sudan da karin Larabcinta. 'Yan Sudan da dama sun yi tir da abin. Makamin raini a nan launi ne da lafazi.

A Gadarif, ƙasar noman dawa da riɗi a gabashin Sudan, akwai Hausawa masu yawa waɗanda kakannin da yawansu suka yada zango a kan hanyar aikin hajji. Sau da yawa ana haɗa su da Fulani da Barebari a kira su Fallata, suna guda da ke shafe bambancinsu, yana kuma nuni da baƙunta ko da a can aka binne cibiyar mutum. Ke nan Bahaushiyar Gadarif tana tsakanin raini biyu: a waje ana yi wa 'yar Sudan dariya, a gida kuma ana yi mata kallon baƙuwa. Dabarar ɗaya ce da ta allo: a ɗauki jama'a masu yawa a zuba su a tukunya ɗaya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa fitowar baƙar mace a allo ba ta wadatar ba. Ɗalibi mai nazarin kowane shiri, har da finafinan Hausa, zai amfana da tambayoyi uku: wa ya raɗa wa tauraruwar suna, da wane harshe take tunani, kuma shawararta tana sauya akalar labari? Shirin Supa Team 4 na 2023, wanda 'yar Zambiya Malenga Mulendema ta ƙirƙira a kan 'yan mata huɗu a Lusaka ta gobe, ya nuna cewa amsoshin kan canja idan alƙalami ya koma hannun mai abin.