4.3 Launi da Karantuwar Rubutun Hausa a Shafukan Intanet

Ƙa'idar WCAG 2.0, wadda ƙungiyar W3C ta fitar a shekarar 2008, ta sharɗanta cewa bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5:1. A ra'ayin wannan nazari, ma'aunin bai wadatar da Hausa ba. Dalili kuwa, 'yar lanƙwasa ce kawai ta raba "ƙasa" da "kasa", ko "ɓari" da "bari". Manomin Funtuwa ko Malumfashi yakan duba wayarsa a gona cikin rana, inda lanƙwasar kan dushe muddin rubutun ruwan toka ne bisa fari. Saboda haka, a bayanin taki da maganin ƙwari, kamata ya yi a riƙi 7:1, wato matakin ƙa'idar mafi tsauri.