Gwanintar Sauraron Yaro Yana Karatu

Akwai wata gwaninta a aikin koyarwa da ba ta cin fiye da 'yan mintoci a kan kowane yaro, kayan aikinta kuma takarda ɗaya ce da fensir. Malama za ta keɓe da yaro, ta saurare shi yana karatu, ta gano daidai inda karatunsa ya tsaya. A kan wannan ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina tsarinta na koyar da yaro daidai matakinsa, ko da wane aji yake. Dalilinta a fili yake: binciken da take gudanarwa a ƙauyukan Indiya tun 2005 ya yi ta nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin 'yan aji biyu.

Takardar kashi huɗu ce: gajeren labari, ƙaramin sakin layi mai jimloli huɗu, jerin kalmomi, sai jerin haruffa. Amma gwanar malama ba ta gaggawar miƙa ta. Takan zauna gefen yaron, ba a bayan tebur ba, ta tambayi sunansa, ta ɗan ja shi da hira, ta tabbatar masa ba jarrabawa ba ce, babu maki, babu bulala. Yaron da gabansa ke faɗuwa yakan yi in'ina a kan kalmar da ya sani sarai, kuma in aka rubuta sakamakonsa a haka, tsoronsa aka auna.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda take farawa. Ba daga haruffa ba, ba kuma daga labari ba. Daga tsakiya take kamawa, ta ce, "Karanta min wannan sakin layin." Daga nan ko dai a hau, ko a sauka. Wannan dabara na rage ɓata lokaci a ajin da ya cika maƙil, tana kuma kare mutuncin babban yaro, wanda zai ji an raina shi in aka fara nuna masa harafin "a".

Yanzu aiki ya koma na kunne. Shin yaron na karanta jimla a matsayin magana guda mai ma'ana, ko tsintar kalmomi yake ɗaya bayan ɗaya? In ya karanta sumul, kuskurensa bai wuce uku ba, sai a wuce zuwa labari. Ana kuma bambance kuskure da karin harshe. Basakkwacen da ya ga "fari" ya ce "hwari" ya karanta daidai, bakin garinsu ne. Wanda ya yi tuntuɓe ya gyara da kansa shi ma ba a kama shi da laifi. In kuwa sakin layin ya gagara, malama ba ta sauya fuska. Sai ta nuna jerin kalmomi ta ce ya zaɓi biyar da kansa. Ya ci huɗu, matakinsa na kalma ne. Bai ci ba, a sauka zuwa haruffa, nan ma huɗu cikin biyar. Wanda haruffan suka gagara shi ne sabon shiga. Matakai biyar ke nan: labari, sakin layi, kalma, harafi da sabon shiga, kuma kamar yadda tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya gwada mai riga, haka malama ba ta shirya darasi sai ta rubuta matakin kowane yaro a rajista.

Daga nan, na wani lokaci da aka ware kullum, ana ajiye batun aji a gefe. Ɗan aji biyar da ɗan aji uku na iya zama tabarma ɗaya in matakinsu ɗaya ne. Masu matakin harafi suna aiki da jadawalin gaɓoɓi, baƙaƙe jere a tsaye, wasula a kwance: ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku. Jadawalin ya dace da Hausa ƙwarai, domin yawancin kalmominmu baƙi ne da wasali, baƙi da wasali. Yaro ya ɗora yatsa kan "ka", ya ɗora kan "za", ya haɗa su a bakinsa, sai ya ji "kaza" ta fito. Malama mai lura ta san inda ake yawan faɗuwa: b da d masu juya wa juna baya, sai ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa. Sai ta sa yara su zana su da tsinke a ƙasa, manya-manya, suna furtawa, har hannu ya riƙe abin da ido ke rikitawa.

Lissafi ma haka. Ana ƙirga tsinkaye goma a ɗaure da zare, ɗauri ɗaya ya zama goma. A ce a ɗebe 17 daga 32. Yaro ya ajiye ɗauri uku da tsinke biyu. Bakwai ba ta fita daga biyu, don haka ya kwance ɗauri ɗaya, tsinkayensa suka zama 12, ya cire bakwai, saura biyar. Cikin ɗauri biyun da suka rage ya ɗauke ɗaya. Ga 15 a gabansa. Wannan "aro" da aka yi shekaru ana sa shi rerawa, yau ya kwance shi da yatsunsa.

Ya fi sauƙi malami ya cika allo da rubutu, ya karanta yara su amsa da ƙarfi, a ƙarshen zango ya ce an gama manhaja. Cikin amon muryoyi tamanin ba a jin wanda baki kawai yake motsawa. Masu bincike sun ga illar hakan da idonsu. Tun farkon shekarun 2000 Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suka fara gwada tsarin Pratham a biranen Mumbai da Vadodara, ana kwatanta yaran da suka samu da waɗanda ba su samu ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa inda aka ba malamai horo da kayan aiki kawai aka bar su, da yawa sun koma bin manhaja, karatun yara bai motsa sosai ba. A jihar Haryana kuwa, inda aka ware lokaci na musamman, aka raba yara bisa mataki, jami'ai suna zagawa suna dafa wa malamai, an ga ci gaba a karatu.

Ana kuma maimaita awon lokaci-lokaci, duk wanda ya haye mataki a matsar da shi gaba nan take. Tsarin ya isa Zambiya, ya kuma shigo Najeriya ta jihar Borno. Daga cikin ƙa'idojinsa, duk jami'in da zai horar da malamai ko ya duba aikinsu sai ya fara zama da yara na wasu kwanaki, ya auna su da kansa, ya koyar da su da kansa, sannan ya cancanci gyara wa wani.