Yanyawa Mai Wutsiyar Wuta: Firefox Ta Gama da Ni

A shagon da nake kai wayata caji a Sabon Birni har sun laƙaba mini Dillalin Firefox, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. Duk wanda ya miƙo mini waya in duba masa wani abu, ko da lamba ce kawai zan nemo, ba zai tafi ba sai ya ga wata 'yar dabba mai wutsiyar wuta ta naɗe duniya a kan gilashinsa. Ko sisi ba a biya na. So ne, jama'a, tsagwaronsa.

Ni yanyawa nake ce mata, kuma da hujjata: tsohuwar Firefox ta waya, wadda aka yi wa ritaya a 2020, sunanta na cikin gida Fennec, wato 'yar ƙaramar dabbar nan ta Sahara mai manyan kunnuwa, ƙanwar yanyawar dajinmu. Ga ji kamar me, ga wayo, ga rashin surutu. Halinta ke nan har yau.

Ƙaunar ta yi ƙarfi ne a Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Kun tuna ai. Sai layin Nijar, sai neman tudu ta wajen iyaka, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, ana lallaɓar sandar sabis ƙwaya ɗaya. A nan ne mutum yake gane nauyin talla. Ka buɗe shafi don karanta labarin layi goma, sai ga bidiyon caca, ga hoton maganin ƙiba, ga wani akwati yana tsalle, duk suna wawure datar da ka saya da sefa, labarin kuwa yana can baya yana jan ƙafa. Da na ɗora uBlock Origin a kan Firefox, sai shafin ya fito fes, shiru, sakayau, rubutu zalla kamar allon da aka wanke aka yi wa sabon rubutu. Wallahi har dariya na yi ni kaɗai a kan tudu.

Wannan uBlock Origin, aikin Raymond Hill, kyauta ne, kuma Chrome ta waya ba ta karɓar irin waɗannan ƙarin kwata-kwata. A kwamfuta ma tun ƙarshen 2024 Chrome ta fara kashe shi saboda sabuwar ƙa'idarta, yanyawa kuwa ta ce ya zauna, gida nasa ne. A Disambar 2023 ta buɗe ƙofa gaba ɗaya a Android, ƙari sama da 450 suka shigo rana guda. Na kwana ina ɗorawa ina saukewa kamar yaron da aka saki a kasuwar Sallah.

To, mu zo kan kukis, inda zuciyata take. Mu da muka san nauyin kalmar infoma ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da ke bin mutum a baya yana kai rahoto. Na intanet ɗin dai 'yan talla yake yi wa aiki, amma ɗabi'ar ɗaya ce: ka duba farashin taki a nan, ka karanta labari a can, shi yana haɗawa yana auna ka. Tun Satumbar 2019 Firefox ta fara toshe masu bin sawun nan ba tare da ka taɓa komai ba. Sannan ta kawo Total Cookie Protection, wanda ya zama na kowa a kwamfuta a Yunin 2022, ya iso Android a 2023. Dabarar mai sauƙi ce, mai kyau, mai daɗin bayani: kowane shafi da rumbunsa. Abin da Facebook ya ajiye yana rumbun Facebook, ba shi da tsanin leƙa na maƙwabci. Danna 'yar garkuwar nan da ke gefen adireshi ka ga jerin waɗanda aka tare a ƙofa. Kai, abin kallo ne!

Amma a garinmu babban mai leƙe ba ya Amurka, yana gefenka a kan benci. Waya a nan ta jama'a ce. Ka bar ta wajen mai caji an manna mata lamba, ta wuni cikin 'yan uwanta hamsin a kan katako. Ƙane ya ara ya kalli ƙwallo. Baƙo ya ce ba ni in yi filashin. Shi ya sa makullin shafukan sirri da ya zo wa Android a 2025 ya kashe ni da daɗi: ka fita daga manhajar, ka dawo, sai ta nemi zanen yatsanka ko lambar buɗe waya kafin ta nuna abin da kake karantawa. Akwai kuma saitin da ke share tarihi duk lokacin da ka rufe ta. Mu dai faɗa wa juna gaskiya, 'yan uwa: shafin sirri mai riƙe da wayarka yake ɓoye wa, kamfanin layi da shafin da ka shiga suna sane da zuwanka. Kada wani ya ɗauka layar zana ce. Ka kunna saitin HTTPS zalla, ka daina danna kowane linkin tallafi da aka turo a WhatsApp, ko da yake sau da yawa ita ma za ta jefo maka jan gargaɗi kafin ka afka.

Fassara fa? Tun 2023 Firefox take fassara shafi a cikin na'urar kanta, ba ta aika rubutun ko'ina, daga baya abin ya sauko waya. Mu da rabin danginmu ke Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Sauke Faransanci sau ɗaya, ka buɗe jaridar Le Sahel, ka mayar da ita Turanci, ba wanda ya san abin da ka karanta. Lafiyayye, kamilalle, mai rufin asiri.

Abin da ya sa na amince da Firefox shi ne komai nata a faifai yake. Tun 1998 da kakanta Netscape ya saki lambobin gininsa ga duniya, har fitowar Firefox 1.0 ranar 9 ga Nuwamba 2004, har yau, kowa na iya buɗe cikinta ya duba. A Oktoban 2024 masu bincike na kamfanin ESET suka gano wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka fara amfani da ita; cikin awa 25 Mozilla, mai Firefox ɗin, ta fitar da gyara. Awa 25! Wani telan bai gama neman almakashi ba. Don haka idan ta ce apdet, a daure a ba ta data. Masu kwamfuta kuma, a 2025 kun samu jera tab a gefe da haɗa su rukuni-rukuni, ban da cike fom na PDF kai tsaye da kuka riga kuka saba da shi, babu zuwa kafe a buga a sake sikanin.

Yanzu ƙorafi, don masoyi ma yana da baki. Firefox ta kwamfuta tana jin Fulatanci, tana jin harshen Songhai, amma na leƙa jerin harsunan fassara a wayata ban ga Hausa ba. Haba Mozilla! Sannan mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake zuwa, ladan sanya shi injin bincike na farko, wato yanyawa tana cin abinci a gidan kura. A Fabrairun 2025 ta fito da wasu sharuɗɗan amfani da suka tayar mana da hankali, sai da aka yi ca sannan ta gyara lafazin. Ta kuma rufe Pocket a Yulin shekarar, inda nake tara karatun dare. Na yi fushi na kwana biyu, na huce.

Maganar Hausar kuwa, rabin laifin namu ne. Mozilla tana da shirin Common Voice, inda ake karanta gajerun jimloli don na'ura ta koyi harshe, kuma akwai Hausa a ciki. Ina so Gobirawa mu cika shi da awo da tahi da mi kaka so, kada gobe na'ura ta tashi tana jin Kananci kaɗai.

Wanda bai ɗora ba tukuna, ya same ni shagon caji bayan La'asar. Ya zo da datarsa, don dillalin nan ba ya karɓar la'ada, ba ya kuma ba da hotsufot.