Kafin Harsashi 41: Bitar Littafin Kadiatou Diallo

Duk ɗan Afirka ta Yamma da ya kwana biyu a New York ya san lambar nan, 41. In ka ambace ta a wani gidan abinci na Senegalawa a titi na 116 a Harlem, unguwar da ake ce wa Little Senegal, ko a bakin masallacin Malcolm Shabazz bayan an idar da Juma'a, ba sai ka ƙara bayani ba. Harsashi 41 ne 'yan sanda huɗu suka sakar wa Amadou Diallo, Bafulatanin Gini ɗan shekara 23, a ƙofar gidan da yake haya a Bronx, cikin daren 4 ga Fabrairun 1999. Guda 19 suka same shi. Ko allura babu a jikinsa, walat ɗinsa ce kawai a hannunsa. Wannan duniya ta ji. Amma wane ne yaron, ɗan wa ne, jikan wa ne, me ya kai shi Amurka? Wannan giɓin ne mahaifiyarsa Kadiatou Diallo ta zauna ta cike a littafinta mai suna My Heart Will Cross This Ocean, wanda ta rubuta tare da ɗan jarida Craig Wolff, ya fito a 2003.

Wanda ya buɗe littafin yana ɗokin labarin kisa da shari'a zai sha jira. Kadiatou ta ja shi can baya, zuwa tsaunukan Futa Jalon, ƙasar Fulanin Gini, inda malanta da sanin asali suke da daraja kamar yadda muka san su a Sakkwato da Katsina. Ta ba da labarin ƙuruciyarta a zamanin mulkin Sekou Toure, lokacin da Fulani da yawa suka bar ƙasar saboda tsoron gwamnati da kuma neman abin kai wa bakin salati. Tana 'yar shekara 13 aka aurar da ita ga Saikou Diallo, ɗan kasuwa da ya girme ta, wanda ya riga ya ajiye mace. Tana da shekara 16 ta haifi Amadou a Laberiya, ranar 2 ga Satumban 1975. Fatauci ya yi ta yawo da gidan, daga Laberiya zuwa Togo, daga nan har Tailan da Singafo. Yarinyar da aka yi wa aure ba ta gama sanin kanta ba ta zama mai cinikin duwatsu masu daraja a Bangkok, auren ya mutu, ta riƙe 'ya'yanta huɗu.

A ganina nan ne ƙarfin littafin yake, kuma da gangan aka gina shi a haka. Washegarin kisan, jaridun New York sun taƙaita yaron a 'yan kalmomi: baƙo ne ɗan Afirka mai tallar kaya a bakin titi, ba ya ɗauke da makami. Gaskiya ne yana sayar da kaset-kaset na bidiyo da safa da safar hannu a titi na 14 a Manhattan. Sai dai uwar ta ga an binne mata ɗa sau biyu, da farko da harsashi, sannan da wannan taƙaitawa. A wurinmu idan aka ce wane ya rasu, kafin a tambayi me ya same shi ana tambayar ɗan gidan wa ne. Kadiatou ta tilasta wa Amurka ta zauna ta saurari amsar wannan tambaya, shafi bayan shafi, har mai karatu ya saba da yaron: mai kunya, mai riƙon salla, mai son karatu, wanda ya taso cikin harsuna da ƙasashe daban-daban. Lokacin da labarin ya iso daren Fabrairu, wanda za a kashe ya riga ya zama ɗan gida a wurinka.

Abubuwa biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, Amadou yana da in'ina. Uwar ta faɗi haka a cikin labarin renonsa, amma mai karatu ba zai iya hana kansa tunanin yaro mai sarƙewar harshe a gaban ƙarti huɗu da ke daka masa tsawa da tsakar dare ba. Na biyu, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya buga mata waya yana murna, ya tara dala 9,000, zai shiga kwaleji. Duk uwar da ke da ɗa a ƙetare ta san irin wannan waya, ta san yadda ake kwana ana juya ta a zuci.

Ina da ɗan tsoro a nan, kuma ya kamata in faɗe shi. Idan aka dage wajen nuna cewa mamacin ɗan manyan gida ne, ya yi boko, ya zaga duniya, wani zai iya fahimtar kamar da a ce talaka ne tilis da bai taɓa shiga aji ba, da abin ya zo da sauƙi. Kadiatou ba ta faɗi haka ba, uwa ce ke kwatanta ɗanta yadda ta san shi. Amma mai karatu ya kiyaye. Mai tallar huluna a Harlem da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, jininsa daidai yake da na Amadou.

Ga yadda daren ya kasance, kamar yadda aka bayyana a kotu. Wajen ƙarfe ɗaya saura, Amadou na tsaye a ƙofar gida mai lamba 1157 a titin Wheeler. Wata mota marar tambarin 'yan sanda ta tsaya, mutum huɗu fararen fata cikin kayan gida suka fito: Sean Carroll, Edward McMellon, Kenneth Boss da Richard Murphy. Sun ce ya yi musu kama da wani mai fyaɗe da ake nema. Yaron ya ja da baya cikin ɗan ƙaramin ɗakin shiga gidan, wanda matsayinsa ɗaya da zaure a gidajenmu, sai dai ƙunci gare shi, mutum biyu ma da ƙyar su gifta juna. Ya sa hannu a aljihu ya zaro walat. Carroll ya yi ihun bindiga. McMellon ya yi tuntuɓe ya faɗo daga matakala, sauran suka ce sun ɗauka harbinsa aka yi. Carroll da McMellon kowannensu ya harba 16, Boss 5, Murphy 4. Babu ƙofar tsira, bango ne hagu da dama.

Batun launin fata kuwa, littafin ya nuna shi ta hanyar da ta fi dacewa da mu, wato ta idon baƙuwa. Ɗan Afirka yana sauka a New York ne a matsayin Bafulatani ko Bahaushe ko Bazabarme ko Bawolofe, Musulmi, ɗan gidan wane. Wanda ya bi titi na 116 zai ga yadda mutanenmu suka gina wa kansu gida: ƙamshin shinkafa da kifi irin na Dakar, shagunan aika kuɗi, masu sayar da atamfa da turare da carbi, hotunan Shehu Ahmadu Bamba a jikin bango. A cikin wannan da'ira kowa ya san asalin kowa. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin baƙin suna nesanta kansu da baƙaƙen fatar Amurka, suna ganin rigimar 'yan sanda ba tasu ba ce, su neman halali suka zo. An fara jan kunnensu tun Oktoban 1994, lokacin da magajin gari Rudolph Giuliani ya tura 'yan sanda suka kori masu kasa kaya daga titi na 125, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawan Nijar da masani Paul Stoller ya rubuta labarinsu, aka tattara wasunsu a kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116. Wancan karon abinci aka taɓa. A 1999 rai aka taɓa, kuma mutanen da ke cikin motar nan ba su tambayi ƙabila ko ƙasa ba, fata suka gani.

Ita ma Kadiatou a cikin kwanaki kaɗan ta koyi wannan karatu. Ta sauka daga jirgi cikin makoki ta tarar da gari ya rabu biyu a kan gawar ɗanta. Hukumar birni ta sauke ta a otal, ba ta daɗe ba ta bar masaukin, ta karkata wajen Al Sharpton da sauran masu fafutuka. A watan Maris na shekarar an kama mutum sama da 1,000 a zanga-zangar lumana a ƙofar hedikwatar 'yan sanda, cikinsu da tsohon magajin gari David Dinkins da Charles Rangel, ɗan majalisar da ke wakiltar Harlem a lokacin. Jikokin bayi ne suka fito suka miƙa hannu aka sa musu ankwa saboda ɗan Futa Jalon. An kai gawar gida, aka binne shi a ƙauyen kakanninsa. Abin da ya burge ni shi ne yadda ta ba da labarin wannan guguwa ba tare da ta bari ta haɗiye ta ba. Lauyoyi da 'yan siyasa da 'yan jarida kowa na da bukatarsa a wurinta, ita kuwa bukatarta ɗaya ce, a san ɗanta.

Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen bayanin yadda aka yi hukunci ya kuɓuce. Ya nuna zafin abin sosai, amma bai tsaya ya warware injin ba, don haka mai karatu na bukatar ƙarin haske. Mutanen huɗu 'yan wata runduna ce ta musamman mai farautar bindigogi a titi, wadda aka faɗaɗa cikin gaggawa a 1997, aka cika ta da sababbin hannu, takenta ma shi ne dare nasu ne. An tuhume su da kisan kai, sai kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za su sami adalci a Bronx ba, aka mai da shari'ar Albany, garin da galibin mazaunansa farare ne. Masu yanke hukunci 12, huɗu baƙaƙe, takwas farare, suka wanke su daga dukkan tuhuma ranar 25 ga Fabrairun 2000. Dalili kuwa, doka ba ta tambayar ko akwai bindiga, tana tambayar ko ɗan sanda yana da hujjar zaton akwai. Da haka tsoron mai harbi ya zama garkuwarsa, kuma a ƙasar da aka daɗe ana koya wa mutane tsoron baƙin saurayi, wannan garkuwa ba ta da wuyar samu. A 2001 gwamnatin tarayya ta ce ba za ta gurfanar da su ba. A 2002 aka rushe rundunar. A 2004 birnin ya biya iyalin dala miliyan 3 daga kuɗin jama'a, ba tare da amsa laifi ba. A 2015 aka ƙara wa Kenneth Boss girma zuwa saje. Kafin nan, a 2013, mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa tsarin tare mutane a caje su a titi ya saɓa wa tsarin mulki, bayan an nuna mata cewa daga 2004 zuwa tsakiyar 2012 an yi irin wannan tarewa sau miliyan 4.4, fiye da kashi 80 cikin 100 baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba tare da wata tuhuma ba.

Mu da muka ga zamanin SARS kafin a rushe ta a Oktoban 2020 ba baƙi ba ne ga 'yan sanda masu kayan gida cikin mota marar lamba. Mun kuma san mutum shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, aka kai 2017 kafin kotu ta yanke hukunci. A wurinmu mai harbi da wanda aka harba launinsu ɗaya, talauci da rashin uwa a gindin murhu ne ke ware wanda za a taka.

Wani abin da zan ƙara, hannun Craig Wolff yana bayyana a wasu wurare. Matar da ta taso da Fulatanci da Faransanci, an goge mata Turanci har ya yi santsi, wani lokaci ka ji kamar marubucin ne ke kwalliya. Haka nan Saikou, uban yaron, ta bakin tsohuwar matarsa kaɗai muka san shi, alhali shi ma ɗa ya rasa. Duk da haka muryarta ba ta ɓace ba. Mace ce mai kamun kai, wadda a ranar da aka wanke waɗanda suka harbe ɗanta ta fito ta roƙi jama'a su kwantar da hankali. Littafin ya sami lambar yabo ta Christopher a 2004, ita kuma ta ci gaba da ɗaukar nauyin karatun ɗalibai ta gidauniyar da ke ɗauke da sunan Amadou.

Shekara tara bayan fitowar littafin, abin ya iso ƙofar Little Senegal kanta. Ranar 25 ga Satumban 2012, Hawa Bah, wadda ta zo daga Gini ganin ɗanta Mohamed, direban tasi kuma ɗalibi ɗan shekara 28, ta same shi cikin matsananciyar damuwa a ɗakinsa da ke titin Morningside a Harlem. Ta sa a kira motar asibiti, sai 'yan sanda suka zo. Suka hana ta shiga ta lallashe shi, suka ɓalle ƙofa, suka harbe shi sau takwas, suka ce ya kai musu hari da wuƙa. Hawa ta bi sahun Kadiatou, ta ɗauki hoton ɗanta tana shiga taro tana faɗin wane ne shi. Iyaye irinta suna cikin waɗanda suka matsa har gwamnan jihar New York ya miƙa wa babban lauyan jiha binciken kisan da 'yan sanda suka yi wa marasa makami a 2015, aka kuma soke dokar da ke ɓoye bayanan laifukan 'yan sanda a 2020. A Nuwamban 2017 masu yanke hukunci a kotun tarayya suka ce an yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima a kan Mohamed Bah, suka yanke diyyar dala miliyan 2.2. Birnin ya ɗaukaka ƙara, daga baya aka daidaita a kan miliyan 1.9 a 2019. Babu ko ɗaya cikin 'yan sandan da ya fuskanci shari'ar kisa.