"Gero muka ci": jiya ko kullum?

A ɗan littafinmu na baya akwai labarin wata tsohuwa ta Tibiri, jikanta ya zo hutu daga birni yana yatsina fuska a kan tuwo. Ta ce mishi: "Nan gero muka ci." Mai gyaran rubutu ya ƙara mata "jiya", wai don magana ta fito. Wallahi da na gani sai da raina ya ɓaci.

A bakin Gobirawan Gidan Rumji, wannan "muka" shi ne "muke" na Kano: mi kaka yi, abin da shika so, gero muka ci. In aiki ya wuce, "munka" suke cewa. Da jiya tsohuwa take nufi, da "munka ci" ta ce. Kunne ma yana rarrabewa, don "ci" ɗin nata ja ake yi murya ta sauko, takarda ce ba ta nunawa. Abin da take gaya wa yaro shi ne, cimar gidan nan ke nan kullum, ya ci ko ya bari. Da "jiya" guda an mai da gorinta labarin abincin dare. Tun 1991 Bernard Caron ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na Hausar Adar, mu kuwa da aka goya da shi muna gyara shi kamar kuskure.

Ni dai lakwal nake zargi. An saba mana da cewa "yana" daidai yake da présent na Faransanci, littattafan nahawu kuma suna kiransa "lokaci mai ci", sai mu ɗauka yanzu kaɗai yake nufi. To duba: jiya da na shiga kasuwar Gazawa ana ruwa, gobe war haka muna tafiya Agye. Faransanci sai ya sake siffar aikatau a kowace jimla. Hausa "na" ɗinta guda, don ba ruwansa da yaushe, cewa kawai yake aiki bai yanke ba. Rashin yarda da wannan ne ya cika labaranmu da "ya kasance yana tafiya", alhali "yana tafiya" ta isa.

Ban ce a bar daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake rubutun nan. Amma in kaka ce ke magana, a tambayi marubuci kafin a taɓa. Kwafin da suka rage kuma, don Allah a sa biro a soke "jiya" ɗin nan kafin a raba.